Taku Arba'in da Biyu na Injiniya

Da hantsi abin ya faru, ido na ganin ido, don haka babu mai cewa ƙazafi aka yi wa Injiniya. Ana shirin wasan mawaƙa a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar gari. An riga an haɗa dandamali, motoci na sauke lasifika, masu kafa rumfa kuwa sun yi cirko-cirko da turakun ƙarfe a hannu suna jiran mutum ɗaya. Dokar lambun ke nan, ba a buga turke a ƙasa sai Injiniya ya nuna wuri, domin ƙarƙashin ciyawar nan bututun ruwa ne a shimfiɗe kamar jijiyoyi, kuma duk duniya shi kaɗai ya san inda suka bi.

Sai da ya bari rana ta gasa su tukuna ya fito daga ɗakin injin ruwa, yana tafe kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Ranar ya ci ado, don an ce sabon manaja zai zagayo ya ga yadda ake aiki. Riga mai dogon hannu an soke ta cikin wando, damin makullai na lilo a ƙugu, ga wani takalmi sau-ciki mai ƙyalli da surukinsa ya kawo masa tsaraba. Ya je ya manna bayansa da tsohuwar bishiyar mangwaro, ya ɗaga hannu a yi shiru sai ka ce za a yi wa wani tiyata, sannan ya soma taku yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Babban bututu yana kan taku na talatin da takwas, in ji shi, saboda haka ya zarce zuwa arba'in da biyu, ya tsaya, ya dangwala dunduniya a ƙasa.

Shugaban masu rumfa, wani ƙato mai sanyin magana, ya duƙa ya taɓa wurin, ya ce shi dai yana jin ƙasar da ɗan laushi, ko a ƙara gaba kaɗan.

"Ɗan nan," in ji Injiniya, "ran da na binne bututun nan kai ko rarrafe ba ka fara ba. Miƙo mini gudumar."

Bugun farko lafiya lau. A na biyu ya waiga ya ga ko manaja na kallo. A na uku ƙasa ta yi wani irin tari, ruwa ya yi tsiri ta tsakanin ƙafafunsa, ya fizge rigar daga cikin wando ya kifa masa ita a ka. Ya ja da baya a makance, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin taɓo, ƙafafu a sama, tumbi a waje. Takalmi ƙafa ɗaya ya fice, ruwa ya tafi da shi har gindin dandamali yana juyi kamar kwalekwale. Abin da ya fi muni, babu mai iya tsayar da ruwan sai shi, tunda makullin yana ƙugunsa. Haka ya miƙe tsamo-tsamo ya ratsa filin nan, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a safa, mutum sama da hamsin na bin sa da waya. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Kafin ya iso gida bidiyon ya riga shi. Mai askin bakin layinmu, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ranar duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya nuna masa sau biyu, ɗaya kafin aski ɗaya bayan aski.

To, ga wanda bai san mutumin ba, Injiniya fa ba injiniya ba ne. Makarantar injiniyoyi in ya taɓa ganinta, to ta tagar mota ne. Lebura ne mai diga da shebur shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin da ake mai da wani makeken fili lambu. Shi ne mai haƙa rami, shi ne mai saɓa bututu a kafaɗa ya kai inda aka nuna masa. Sai dai yana da wata ɗabi'a, in yana ɗauke da kaya yakan riƙa ƙirga takunsa don kada ya ji nauyi. Abin da ya zame masa arziki ke nan. Kamfanin da ya yi aikin ya tattara komatsansa ya tafi. Taswirar da ya bari, gara ta yi biki da ita a cikin kabad ɗin ofis. Sauran leburori wasu suka mutu, wasu suka bar garin. Ran da aka fara kafa rumfa a lambun aka fasa bututu biyu a wuni ɗaya, aka tara ma'aikata aka tambaya ko akwai mai tuna inda suka bi. Wani siririn lebura ya ɗaga hannu daga baya. Tun ranar aka ba shi makullai, tun ranar kuma hancinsa ya tashi sama bai sake saukowa ba.

Lambun ba ƙarami ba ne, sai mutum ya yi rabin awa bai zagaye shi ba. Akwai wurin lilo, akwai kujerun siminti a gindin bishiyoyi, ga wani fili a tsakiya mai ɗaukar dubban mutane, inda ake wasannin waƙa da baje kolin kaya da bikin yaye ɗalibai da taron masu barkwanci. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa turke yake ci: na rumfa, na shinge, na fitila, na tuta. Saboda haka duk girman mai shirya taro, ko da motarsa ta kai tsawon layinmu, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin injin ruwa ya yi sallama sau uku kafin a amsa masa. Injiniya na ciki yana jin sa sarai. Shayi yake sha.

Mawaƙa ba ya ganinsu da gashi ko kaɗan. Bai san sunan ko ɗaya ba, kuma yana alfahari da hakan. In yara suka tare shi a layi suka tambaye shi wa zai yi wasa ran Asabar, sai ya taɓe baki ya ce wasu masu ihu ne. 'Yan kallo kuma sunansu a wurinsa 'yan tattake. Shekara talatin ana wasa a gabansa bai taɓa fuskantar dandamali ba. Baya yake ba shi, ya harɗe hannu, yana kallon ƙafafun mutane suna murje masa ciyawa, yana tsaki daidai da bugun ganga. An ce wata rana wata mawaƙiya da gari ke rububin ganinta ta zo gwajin murya da rana, ta gan shi dattijo, ta rusuna ta gaishe shi. Ko fuskarta bai duba ba. Ya nuna tsinin takalminta ya ce ta koma kan siminti, tana huda masa fili.

Duk wasan da za a yi ana raba wa ma'aikata katin shiga don iyalansu. Namu Injiniya bai taɓa miƙa wa maƙwabci ko ɗaya ba. Ɗiyar mai shagon layinmu ta yi masa wanki da guga na mako guda tana fatan kati, ranar wasan ya ce mata tarbiyyarta yake karewa. Katinan suna nan a gidansa, wasu an naɗe an tokare ƙafar tebur da su, wasu matarsa na fifita gawayi.

Gidan haya ne, ɗaki da falo, famfo ɗaya a tsakar gida na mutum tara. Famfon nan ya shekara biyu yana ɗiga, an ɗaure masa wuya da robar taya. Duk wanda ya ce Injiniya ya duba, sai ya ce shi ba ya ƙaramin aiki. Makullansa suna da ƙusarsu ta musamman a saman gado, wanka ma da su yake shiga. Matarsa tela ce, mace mai haƙurin da ya kamata a ba ta lambar yabo, kekenta na bakin taga tana ta dirzar ɗinki daga safe har yamma. 'Yarsu ɗaya, ma'aikaciyar jinya, tana aure a ƙetaren gari, kuma mijinta direba ne, shi ne mai tsarabar takalmi.

Manajoji biyar ya binne a lambun nan, wato ya ga zuwansu ya ga tafiyarsu. Kowanne da ya zo sai ya ce a zauna a zana taswirar bututun. Injiniya ba ya cewa a'a. Yau kansa na ciwo, gobe iska ta yi yawa, jibi sai an gama wasan da ke tafe, har a sauya wa manajan wurin aiki. Ya san abin da yake yi. A takardar ofis shekarunsa sun tsaya cak a kan hamsin da tara, sun ƙi motsi, har 'yarsa ta fara barazanar kamo shi. Kowa a ofishin ya sani, kowa ya kau da kai, don ba a sallamar mutumin da ruwan lambu ke cikin kansa. Ran da ruwan ya sauka a takarda, ranar shekarun za su tashi da gudu.

Sabon manaja wani siriri ne mai tabarau, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya, irin mutanen da suka fi masu faɗa haɗari. Washegarin wankan ya kira Injiniya ofis, ya ba shi kujera, har ya tambaye shi ko ƙugun ya yi sauƙi. Sannan ya ce nan da mako uku akwai wasan da lambun bai taɓa ganin irinsa ba, turke sama da ɗari biyu za a buga, kuma shi ba zai jingina dubban mutane a kan ƙafar mutum ɗaya ba. Ya ba shi kwana bakwai. Ko dai ya zauna da mai awo a zana taswira, ko kuwa ya ajiye makullai a kawo masu haƙa su tone filin su nemo bututun da kansu. Injiniya ya buɗe baki zai fara zancen ciwon kai, manaja ya jawo aljihun tebur ya ajiye masa ƙwayar magani biyu a gabansa. Ashe an ba shi labari.

A gida takalmi ne ya sha zagi. Ya matse masa yatsu, ya rage masa taku, wane irin suruki ne zai kawo wa mutum abin da zai tozarta shi. Ya yi jifa da ƙafa ɗayar da ta rage, ta faɗa bayan buhun gawayi. Ya kira 'yarsa a waya ya ce ta gaya wa mijinta ya gode, Allah ya saka. Kwana biyu yana wannan waƙar, har matar ta gaji, ta tsayar da keke, ta cire zare daga baki.

"Malam, ka bar takalmin nan ya huta. Daga ƙofar ɗakin nan zuwa famfo, a da taku goma kake yi. Tun bara sha ɗaya kake."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ta ce ai ba da gangan ta ƙirga ba, shekara talatin tana jin sa yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa kowace safiya da buta a hannu, ko kurma ne ya haddace. Injiniya ya ce me mace ta sani game da awo. Ya faɗi haka ne fa ga matar da tef ɗin awo ke rataye a wuyanta tun kafin a haifi 'yarsu. Ita kuwa ta taka kekenta.

Da sassafe, kafin masu shara su iso, ya sa tsohon takalminsa na roba ya tafi lambun. Akwai akwatunan famfo guda biyu masu murfin ƙarfe a gefen filin, inda ake buɗe ruwa da rufewa, kowa na ganinsu. Tsakaninsu taku sittin ne, ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Ya taka, ya samu sittin da shida. Ya ce ai bai karya ba tukuna. Ya dawo, sittin da shida. Ya cire takalmin ya taka da ƙafa tsirara a cikin raɓa, sittin da shida ba ragi. Sai ya zauna a kan murfin ƙarfen yana kallon gwiwoyinsa, kamar abokan da suka ci amanarsa. Ba wanda ya saci bututu, ba wanda ya matsar da bishiya. Tsufa ne ya shigo ta ƙafa bai yi sallama ba.

Wani mai hankali da ya tafi wurin manaja ya faɗi gaskiya. Injiniya kuwa sai ya yanke shawarar mai da ƙafarsa yadda take a da. Nan layinmu ya ga abin kallo kyauta. Da la'asar sai ga shi ya fito yana wage ƙafafu, yana jefa ɗaya can gaba kamar mai tsallake kwata, daga bakin shago zuwa sandar lantarki, ya juyo ya sake. Yara suka jera a bayansa suna kwaikwayo. Mai aski ya fito da abokin cinikinsa, rabin kai a aske, ya tambaya da ladabi ko jimina ce ta ciji Injiniya. A zagaye na shida wani abu ya ce ƙas a cinyarsa. Mutum biyu suka kai shi ɗaki a rirriƙe, ya kwana biyu ana gasa masa da ruwan zafi, yana cewa duk wanda ya tambaya a ce masa zazzaɓi ne.

Matar ce, tana matse tawul, ta ce ita ba ta ga abin karya ƙafa ba. Tunda goma ta koma sha ɗaya, ya riƙa ƙara taku ɗaya a kan kowane goma mana. Can ya ce ai abin da yake shirin yi ke nan tun farko, ita ce ta katse masa tunani.

A kan gadon nan dabara ta zo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Taswira suke so? Zai ba su. Zai zazzage musu lissafin duka, taku kaza gabas, taku kaza kudu, su rubuta har hannunsu ya gaji. Amma takun wa? Na wani saurayi mai shekara talatin da biyar da bututu a kafaɗa, wanda babu shi a duniya yanzu. Manaja ya taka da 'yan ƙafafunsa na sauro ya faɗa wani wuri, ƙaton mai rumfa ya taka ya zarce wani wuri, a fasa bututu uku huɗu, a dawo ƙofar ɗakin inji ana sallama sau uku. Ya cika umarni, makullai na ƙugunsa, sirrin ɗaya bisa goma kuma daga shi sai matarsa. Ranar har malmalar tuwo biyu ya ƙara.

Ran kwana na bakwai aka kawo mai awo. Injiniya ya zaci zai ga wani babban mutum da na'urori. Sai ga wata 'yar gajeriyar mata da hular rana, da littafi, da tef a cikin jaka, ba ta fi sa'ar 'yarsa ba. Ya dubi manaja ya dube ta, ya ce to, Allah ya kyauta. Ta gaishe shi da Baba, ta karɓi kujerar roba ta ajiye masa a inuwa, ta ce shi dai ya faɗa, ita ɗaliba ce.

Nan aka same shi. Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa zama ya saurare shi da biro a hannu. Ya fara da mangwaro: gabas, talatin da takwas, babban bututu. Daga nan kudu, ashirin da biyar, ya rabu biyu. Tana rubutawa tana gyaɗa kai, tana cewa Baba a hankali, kai, Baba, duk wannan a ka? Injiniya ya gyara zama. Ya tashi ya ja ta zuwa wurin lilo da ɗingishinsa, ya nuna mata inda aka yi kwana saboda wani dutse da diga ta kasa fasawa. Ya gaya mata na bayan dandamali, wanda yake da zurfin ƙugu, da na gefen shinge, wanda tafin hannu biyu kawai ya raba shi da ciyawa. Ya yi niyyar ɓoye wasu ƙananan rassa uku saboda gaba, amma da ta ce ai ta tabbata nan kam babu mai iya tunawa, sai ya ji an taɓa shi, ya zazzage su har da ranar da aka binne kowanne da sunan wanda ya riƙe ɗaya bakin. Wuni guda da rabi suna yi. Takarda bakwai ta cika gaba da baya.

Da aka gama ya koma kujerarsa ya harɗe ƙafa, yana jiran a fara takawa a fara ɓata. Manaja na tsaye, masu rumfa ma sun matso. Mai awo ta buɗe shafi na biyu.

"Baba, tsakanin akwatin famfon nan da wancan, taku nawa ka ce?"

"Sittin. Ko cikin barci ki tashe ni."

Ta ba ƙaton mai rumfa bakin tef ya riƙe a kan murfin farko, ta ja zuwa na biyu. Mita arba'in da takwas. Ta ɗan latsa wayarta, ta ce wa manaja ashe takun Baba a wancan zamanin santimita tamanin ne, Baba dogo ne ma sha Allah. Ta rubuta a saman shafin farko, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ko minti biyar abin bai ci ba. Injiniya ya sauke ƙafar da ya harɗe. Ta koma gindin mangwaro ta ja tef gabas, ta tsaya, ta ce a haƙa nan a hankali. Shebur na biyar ya daki bututu, ga ma ɗaurin da aka yi masa makon jiya. Aka gwada wurin lilo, aka samu. Aka gwada gefen shinge, aka samu. Aka gwada ɗaya daga cikin rassan nan uku da ya so ɓoyewa, shi ma yana nan kwance inda aka ce. Kowanne aka tono sai mai awo ta juyo ta ce kai, Baba, ko santi goma ba ka kuskure ba. Masu rumfa har tafa masa suka yi. Bai taɓa jin tafi mai ɗaci irin wannan ba, kuma dole ya ɗaga hannu ya amsa.

Babban wasan ya zo ya wuce. An bi filin da jan fenti an shata duk inda bututu ya bi, aka buga turke ɗari biyu da 'yan kai, ko ɗigo bai fito ba, kuma babu wanda ya je ƙofar ɗakin inji. Injiniya ya dafa shayi ya zauna a ciki tun safe yana jiran sallama, har shayin ya huce ya sake ɗumamawa.

Mako guda bayan haka shekarunsa suka farka daga dogon barcinsu, suka yi tsalle ɗaya suka dira a sittin da shida. Aka tara ma'aikata a gindin mangwaro da rana, aka raba lemo, manaja ya yi jawabi gajere ya ce lambun ba zai manta da shi ba, an ma sa taswirar a gilashi a bangon ofis, da hatimi. Aka ba shi agogon bango, wai don mutumin da ba shi da sauran inda zai je ya riƙa sanin lokaci. Sannan aka miƙa hannu. Ya daɗe yana kwance igiyar makullan nan, yana cewa ƙullin ne ya cije, alhali kowa na ganin zarge ɗaya ne.

Da ƙafa ya dawo, agogo a hammata. Layinmu ya saba jin ƙarar makullansa tun daga kwana, yara su watse, masu hira su gyara zama. Ranar sai ganinsa kawai aka yi a tsakiyarmu kamar kyanwa. Bencin mai aski cike yake. Aka yi masa sannu da zuwa, aka yi masa murnar hutu, wani ya tambayi ƙarfe nawa. Zai wuce ke nan mai aski ya leƙo, yana karkaɗe tsumma.

"Injiniya, barka da sauke nauyi. Amma don Allah in tambaya mana. Yanzu da aka juye abin da ke cikin kan nan aka zuba a takarda, me ya rage a ciki? Ko mu sa masa allon haya?"

Benci ya ɗauki dariya. Injiniya ya tsaya, ya sauya wa agogon hammata, ya ƙare wa mai aski kallo tun daga silifa har zuwa sanƙo.

"Nawa kan dai da aka juye shi, takarda bakwai ya cika gaba da baya, har aka buga masa hatimi. Kawo naka mu kifa a nan gaban jama'a. In wani abu ya zubo ban da gashin mutane, na ba ka agogon."